Alhaji Ɗantsoho da Zuciyar Ajiya

Duk wanda ya shiga karar Maigatari ranar kasuwa bai ga Alhaji Ɗantsoho ba, to ya nemi maganin ido. Dillalin shanu ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi a wurinsa masanin jikin dabba da na ɗan Adam ne. Daga nesa yake hango bijimi ya faɗa maka ciwon da ya kashe kakarsa. In kuwa maganarsa ba ta yi daidai ba, bijimin ne ya yi ƙarya.

Allah ya ba shi 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa, Adawiyya, wadda ke ƙasar waje tana bincike a kan zuciya. Wata rana ta yi masa bayanin aikinta a waya. Ta ce suna rainon tsokar zuciya a ɗan faranti, amma da ta yi kauri sai cikinta ya mutu, don babu hanyar da abinci zai shiga. Shi ya sa suke haɗa ƙwayoyin halittar tsokar da waɗanda ke gina jijiyoyin jini a wuri guda, su yi zaman tare har jijiyoyin su tsiro su ratsa naman.

Alhaji ya saurara, abin da bai saba ba. Cikin dogon bayanin nan abu biyu ya tsinta: 'yarsa na ƙera zuciya, kuma a wurinsa ta koya.

"Haɗin kiwo ne!" in ji shi a majalisarsu ta Gumel. "Tun tana goye nake haɗa tumaki da awaki a garke ɗaya, kowa ya koya wa ɗan'uwansa ci. Turawa sun kwashi ilimina sun sa masa farar riga. Ba komai, na yafe musu."

Daga ranar matasa suka laƙaba masa Farfesan Turke. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

To, likita ya daɗe da gaya masa hawan jini ya kumbura masa zuciya, ya ɗora shi a kan magani. Farfesa ya tattara ƙwayoyin ya watsa a bayan gida. Matarsa, Hajiya Laure, ta yi roƙo, ta yi kuka, ta daka maganin ta zuba masa a kunu, ya gane.

"Laure, mutumin da 'yarsa ke da masana'antar zuciya ne zai zauna yana tsattsagar ƙwaya kamar kaza? Wannan tsohuwar a ƙarasa ta kawai, sabuwa na hanya."

Ya kuwa dage da ƙarasa ta. Tozo da safe, balangu mai kitse da yamma, gishiri kamar za a jeme fata. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya ce jikin manya ke nan.

Ga shi da kyauta, Allah ya sani. Ya yi wa surukinsa na Sule Tankarkar alkawarin zuciya ɗaya, wani mai unguwa a Gagarawa ɗaya. Bappa mahauci, mai ware masa tozo, shi har biyu aka ce zai samu, ko da ɗaya za ta ba da matsala.

Ran nan yana tsakiyar kara, riƙe da wutsiyar wani bijimi yana yi wa baƙin Damagaram lacca a kan jijiya, sai ya sulale ƙasa. A akori-kurar raguna aka kwaso Farfesa zuwa asibiti a Gumel.

Da ya farfaɗo ya ga 'yan dubiya sun cika ɗaki, sai ya ga dama ta samu. Ya sa aka kira Adawiyya ta bidiyo, a gaban shaidu.

"Adawiyya, lokaci ya yi. Ki zaɓo babba, mai jijiya sosai, ki sa a kula da ƙanƙara. Direba zai tarye ta a Kano."

Idanunta suka ciko, don uwarta ta riga ta faɗa mata komai. Ta juya wayar kan wani ɗan faranti. Cikin jan ruwa-ruwa ga wani farin abu, bai kai rabin ƙwayar wake ba, yana ɗan motsi.

"Baba, ga ta nan. Ita ce mafi girma da muka taɓa samu."

Alhaji ya ƙanƙance ido irin na dillalai.

"Ramammiya ce. Ba kwa ba ta dusa da kanwa ne? Ki turke ta zuwa Babbar Sallah."

"Baba, ba rago ba ne. Ko ɓera ba mu sa wa ba tukuna. Wataƙila jikokina su ga ranar. Don girman Allah ka sha maganinka."

Nan take 'yan dubiya suka tuna ba su yi la'asar ba. Sai ga nas ta shigo da ƙwaya a tafin hannu. Bappa, wanda ya yi asarar zuciya biyu a zama ɗaya, ya dubi ƙwayar, ya dubi wayar.

"Alhaji, wallahi ko a sikeli aka ɗora, wannan ta fi waccan auki."

Farfesa ya buɗe baki zai yi jawabi, numfashi ya ce bai san zancen ba. Sai ya miƙa hannu. Kafin Hajiya ta tsiyayo ruwa, har ya haɗiye ta gaya.