Wayar Baba Shekari Ta Koyi Gaisuwa

"...Ina gajiya kuma? Yaya Rido? Yaya mutanen man fetur, masu hana mu ko ɗigo?"

"Lafiya lau, tsohon miji. Taƙaita gaisuwar nan, aiki ya kawo ni."

"Ji mara kunya. Mace ta shigo shagon mijinta, ko ɗan durƙuso babu."

"In na durƙusa wa zai ɗaga ni? Kai da gwiwarka ke kuka kamar ƙofar sito?"

Baba Shekari ke nan da jikarsa Celina, kuma mu 'yan layin nan na Makera mun daɗe da daina raba su. Tun da aka sallame shi daga masaƙa a Kakuri ya buɗe shagon hayar kujeru da rumfuna. Da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, sai kasuwa ta buɗe masa, yau taron jam'iyya, gobe bikin cin zaɓe. Har ya sa tarho mai kai biyu, ɗaya a shago ɗaya a sito, haɗe da akwatin da ke ɗaukar saƙo in ba kowa. Akwatin nan kuwa tun da aka kafa shi bai taɓa aiki ba, Baba ya lulluɓe shi da ɗankwali kamar kwanon tuwo.

Ran Juma'ar nan sai gyara akwatin ya zama dole. Ɗan ƙanensa zai yi aure a ƙauye, shi ne uban ango, shago zai zauna a rufe har Litinin. Ga shi sabon kansila ya aiko cewa mutuminsa zai bugo waya a ƙarshen mako kan kujerun bikin godiyarsa a coci, in kuma ba a sami Baba ba, akwai wani mai haya a Nasarawa da ya baza kunne yana jira. Baba ya rantse aikin nan ba zai ƙetare titi ba. Shi ya sa ya aika a kira Celina, wadda aikinta ke nan, haɗa waya a wani kamfani a Rido, gefen matatar man fetur.

Ta yaye ɗankwalin ta ce, "Da farko lambar sirri. Wadda kai kaɗai za ka sani, da ita za ka buɗe saƙonka."

"Sa shekarar da aka haife ni."

"Wa ya san ta? Lokacin ko kalanda ba a ƙirƙiro ba."

"To sa shekarar da zan sake ki."

"Injin nan ba ya karɓar ƙarya. In ka sake ni wa zai kwashe ka, da haƙora uku?"

"Huɗu ne, makauniya. Ɗaya yana ciki yana hutawa."

Ta danna lambobi ta raɗa masa a kunne. Baba, don ya tabbatar ya riƙe, sai ya maimaita da muryar da ya saba yi wa masu loda kujeru magana. Mai shayin bakin ƙofa ya leƙo ya ce, "Mun ji, Baba, Allah ya bar sirri." Sai da aka canza.

"Yanzu sau nawa za ta yi ƙara kafin injin ya ɗauka?"

"Goma sha biyu. Kada su ce ina zaune na ƙura wa waya ido."

"Ba haka kake yi ba? Sau huɗu. Ɗan siyasa ba ya jiran matarsa ma, balle kai."

"Sa shida, mu raba."

"Na sa huɗu, na raba da kaina. Saura gaisuwa. In na danna nan, ka faɗi sunan shago, ka ce ba ka nan, a bar suna da lamba bayan an ji ƙara. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Mutum ya kira ni in tare shi da 'ba na nan'? Ke a kamfaninku haka kuke yi wa mutane, shi ya sa har yau ba mai neman aurenki sai ni."

"Masu nemana suna layi, tausayinka nake ji."

"Danna, ki ga yadda manya ke magana."

Ta danna. Baba ya gyara hula, ya miƙe tsaye kamar mai karatu a gaban ikilisiya. "Barka da war haka." Ya yi shiru. "Ina gajiya?" Ya yi shiru. "Yaya iyali? Yaya madam da yara?" Ya sake shiru, har yana gyaɗa kai. "To madalla, madalla. Yaya aka ji da aiki?" Haka ya bi ta kan ruwan sama da masu jiki, bai kai ga sunan shago ba injin ya yi ƙara ya yanke shi.

"Shirun nan na mene ne?" in ji Celina.

"Wurin amsawa. Ke in an gaishe ki ba a ba ki fili ki amsa?"

"Kaka, ba wanda zai gane inji ne."

"To ai shi ne gwaninta."

Celina kuwa sai ta ƙulla wata dabara. Ta leƙa ta ce wa mai shayi ya gaya wa Oga Chibuike, mai sayar da kayan gyaran mota a ƙarshen layi, cewa Baba na son ya bugo masa waya yanzu. Ta buɗe lasifikar akwatin don a ji mai kira, ta riƙe hannun Baba kada ya ɗauka. Waya ta yi ƙara sau huɗu, muryar Baba ta fito.

"Barka da war haka."

"Ah, Baba, barka, barka," in ji Chibuike.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya iyali? Yaya madam da yara?"

"Suna lafiya. 'Yata Amarachi ce ma ba ta ji daɗi ba jiya, zazzaɓi..."

"To madalla, madalla."

"Madalla kuma? Baba, na ce yarinya ba lafiya!"

Baba na gaske ya dafe kai. Na cikin akwati kuwa ya ci gaba da tambayar ruwan sama, har ƙara ta yanke shi a tsakiyar kalma, shiru ya biyo. "Baba? Helo, Baba Shekari? Chineke! Wayyo Allah!" Sai ga Chibuike a guje, ba takalmi a ƙafa ɗaya, da robar ruwa a hannu, ya zo farfaɗo da wanda ya suma. Ya tarar da Baba zaune garau, Celina kuma ta kife kan kujeru tana dariya har da hawaye.

Baba ya ba shi haƙuri, ya tambayi jikin Amarachi da gaske, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo bai yi dariya ba. Abin ya taɓa shi, don a duniya ba abin da yake tsoro kamar a ce Shekari bai san darajar mutum ba.

"Na ce wa mai ciwo madalla," ya ce a hankali.

"Ba kai ka ce ba, inji ne. Shi ba ya ji, Kaka, maimaitawa kawai ya iya. Bar shi ya karɓi saƙo, in ka dawo ka kira kowa ka gaishe shi har ya gaji."

"To a bar mini 'sannu' ɗaya."

"Ɗaya tak. In ka ƙara 'ina gajiya' zan koma gidanmu."

"Gidanku ai nawa ne, shashasha. Danna."

Sai da suka yi ta sakewa, don bakin Baba ya ƙi saɓa wa abin da ya saba. A ƙarshe dai ya fito: "Sannu. Nan shagon Shekari ne, mai kujeru da rumfa. Na yi tafiya. Ka bar sunanka da lambarka bayan ƙara, ni da kaina zan kira ka." Ya goge zufa kamar wanda ya sauke lodi shi kaɗai.

Ya ɗauki jakarsa, suka fito, ya datse kwaɗo. Bai cire makulli ba waya ta fara ƙara a ciki. Ya zabura zai buɗe, Celina ta tare ƙofa da bayanta.

"Matsa, 'yar nema, kansila ne!"

"In yau injin bai yi aiki kana tsaye ba, gobe ma ba zai yi ba. Tsaya."

Suka kafa kunne jikin ƙofa. Gajeriyar gaisuwar ta wuce, ƙara ta biyo, sai wata murya ta ce, "Baba Shekari, Sylvanus ne daga wajen kansila. A riƙe mana kujeru da rumfuna duka, Lahadi ta sama. Ga lambata."

Baba ya cire hula, ya rusuna wa rufaffiyar ƙofa. "Na gode, ranka ya daɗe. Ina gajiya? Yaya iyali?"

"Ba shi fili ya amsa mana," in ji Celina.

Dariya ta ƙwace masa har haƙori na huɗu ya fito. Ya zare makullin ya danƙa mata a tafin hannu.

"Riƙe, uwargida. Kin ci. Shagon naki ne har Litinin, amma kada ki koya wa injina rashin kunya."