Opal Mai Giya Biyar Ta Rasu, Kuma Ina da Tambayoyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, ni Orville Stemle, mai kiwon talotalo a Titin Tsohuwar Gada, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan masu tseren motar dizal na kudancin Indiana rasuwar Opal, akwatin giyar hannu da ke cikin farar a-kori-kurata. Ta rasu ranar Asabar, tara ga Agusta, da ƙarfe uku da kwata na rana, a layin hagu na filin tsere, tsakanin giya ta biyu da ta uku. Shekarunta ashirin da bakwai. Iyalina sun ce ajali ne. Ni ban ce ba ajali ba ne, amma ina da tambayoyi, kuma a nan zan yi su tunda a gida an daina amsa mini.

Marigayiya ta shigo gidanmu a shekarar da aka haifi 'yata Tamra. Na sa mata sunan gwaggona Opal, matar da ba a taɓa sa ta abin da ba ta yi niyya ba. Daga Litinin zuwa Juma'a tana jan tirelar abincin talotalo ba ƙorafi, ran Asabar a wanke ta a kai ta fili. Sau ɗaya tak aka taɓa yi mata aiki. Ba ta da surutu. In ka ba ta giya yadda ya kamata, kalma ɗaya take faɗa, "ƙwas", shi ke nan. In ka yi mata garaje kuwa ta ce "ƙurrr", kowa a filin ya san ka yi rashin ladabi.

Babbar shaidar da zan yi mata ita ce ba ta ƙarya. A tserenmu ba wanda ya fi gudu ke cin nasara ba. Kowa zai rubuta a gilashin motarsa, da farin man goge takalmi, sakan nawa zai yi a kwatan mil, wanda ya fi cika alkawarinsa shi ne gwani. Tamra ce ke rubuta mini tun tana 'yar shekara tara, kuma lamba ɗaya take rubutawa: 13.40. Shekara da shekaru Opal tana cika wannan alkawari. Kofuna shida da ke kan firij ɗinmu nata ne, ni direba ne kawai.

Ta rasu ta bar miji ɗaya, injin dizal mai silinda shida, wanda tun ranar bai ce uffan ba. Ta bar ƙaninta kuloci mai faranti biyu, wanda taka shi sai ka ce kana danne buhun siminti da ƙafa ɗaya. Ta bar tayoyi huɗu, da sandar giya mai kan katako da mahaifina ya sassaƙa da hannunsa. Ta bar ni.

Ta kuma bar maƙiya, kuma dole in ambace su. Na gaba-gaba shi ne Merle Hopf, ƙanin matata, bakanike, wanda sana'arsa ita ce haɗa giyar atomatik wa 'yan tsere. Shekara goma sha biyar yana bin kunnena da wa'azi. Wai atomatik tana ba ka dama ka danne birki a layin tashi, ka cika injin da iska har motar ta riƙa rawa, fitilar ba da izinin tashi na kunnawa ka fita kamar an harba ka. Wai ita ba ta yanke numfashi tsakanin giya da giya. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma ai akwai mutunci.

"Orville," yakan ce mini a gaban mutane, "kai kana can kana dama kunu da sandarka, ni na kai ƙarshen fili na sha kofi na dawo."

"Motar da ke tuƙa kanta, mene ne naka a ciki?" nake ce masa. "Kai fasinja ne mai hular kwano."

Wata rana ya matsa mini, sai na ɗaga hannu a gaban rumfar masu soya kaza na ce, "Muddin Opal tana numfashi, atomatik ba za ta shiga motata ba." Jama'a su lura da wannan magana. Na faɗa da bakina abin da ya tsare musu hanya, kuma Merle yana wurin, matata Darlene tana wurin, Tamra tana wurin.

Rashin lafiyarta ya fara ne a bazarar bara. "Ƙwas" ɗin giya ta uku ya koma "ƙurrr-ƙwas". 'Yar takardar sakamako da ake miƙo mini a ƙarshen fili ta fara nuna 13.9, wani lokaci 14.2. Na zargi iska, na zargi man da ake sayar mana, na zargi masu share filin. Duk Asabar Tamra takan tsaya da kwalbar man takalmi a hannu ta ce, "Baba, yau me zan rubuta?"

"Abin da kika saba."

"Baba, rabonmu da wannan lambar fa tun bara."

"Rubuta, ke. Ba a canza wa dattijuwa suna."

A wannan lokacin ne kuma Darlene ta ja ni wurin likita saboda gwiwata ta hagu, wadda lafiyarta ƙalau in ban da ɗan ƙara da take yi da safe. Likitan ya ce a cire a sa ta ƙarfe. Da muka fito na leƙa motarsa. Atomatik ce.

Ranar rasuwar an yi rana mai kyau. Fitila ta kunna, muka tashi lafiya, na ba ta ta biyu ta karɓa. Na taka kuloci, na tura ta uku. Ba ta ce "ƙwas" ba, ba ta ce "ƙurrr" ba. Ta yi wata ƙara kamar an zubar da akwatin cokula daga saman bene, sannan shiru. Muka gangara har muka tsaya, mai yana bin mu a baya. An rufe filin minti arba'in ana goge man, mutane suna ta gunaguni, ni kuwa ina zaune a ciki hannuna a kan sandar. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

To, ga tambayoyina.

Ta farko. Merle bai shiga tsere ranar ba. Me ya kawo shi fili da tirelar jan mota, fanko, a ɗaure a bayan motarsa? Kafin in sauko ya riga ya iso da baya. Na tambaye shi, ya ce, "Haba yaya, ai tun bazara nake zuwa da ita duk Asabar, kai ne ba ka lura ba." Yana ganin wannan amsa ta wanke shi. Ni a wurina ta ƙara dulmiyar da shi.

Ta biyu. Mun isa gida ƙarfe biyar, na tarar Darlene ta shimfiɗa tebur da farantan baƙi, ga kaza da dankali, ga kek ɗin tuffa da ba ta yi mini sai in an yi rasuwa ko na cika shekara. Ta rungume ni ta ce, "Sannu, tsohona. Sai haƙuri." Ta ce Tamra ce ta buga mata waya. Na yarda. Amma na taɓa kek ɗin, ya huce sarai, kuma shekara talatin da ɗaya muna tare, na san awa nawa yake ɗauka kafin ya huce. Da na yi magana ta ce, "Ci abincinka, Orville. Duk Asabar nake yin sa, in ka dawo lafiya in kai wa maƙwabta." Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ta uku ita ce ta hana ni sukuni. Ran Litinin, bayan Merle ya cire ta daga motar ya tafi da ita, na je garejinsa ganin gawa. Yana can yana wanke hannu, sai na ga wani abu a lungu an lulluɓe da tamfol. Na ɗaga. Atomatik ce sabuwa fil, an gama haɗa ta, an auna ta daidai da motata. A gefenta an rubuta da farin man takalmi: TA BABA, da kwanan wata na Maris. Opal ta rasu a Agusta. Shekara goma sha takwas ina kallon wannan rubutu ta cikin gilashi, a juye, ko a mafarki zan gane shi. Da ɗan gari akan ci gari, amma ban zaci daga kan teburina za a ci ni ba.

Na ce sai an buɗe marigayiya a gabana. Yashi nake nema a cikin mai, ko noti da aka kwance. Merle ya tace man a farin ƙyalle, ba yashi. Ya ƙirga notuna, sun cika. Sannan ya ɗauko giya ta uku ya miƙo mini.

"Yaya, ba wanda ya zuba mata komai. Dubi haƙoran nan yadda suka cinye. Wannan aikin shekara ɗaya da rabi ne. Ana cusa mata giya kuloci bai gama saki ba."

"To kulocin ne ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau. Na taka shi da kaina, har ƙasa ya kai."

Yana maganar ba fuskata yake kallo ba, ƙasa-ƙasa yake kallo, wajen hagu. Ina shirin ba shi amsar da ta dace da shi sai ga Tamra ta shigo da kayan aikinta na asibitin dabbobi. Ta ga tamfol a ƙasa, ba ta ko yi kame-kame ba.

"Ni na rubuta, Baba, ni na roƙi Kawu Merle. Duk Asabar ina tsaye a bakin wayar shingen fili ina jin Opal tana ihu. Kuma ina ganin yadda kake saukowa, ka riƙe ƙofa ka yi kamar taya kake dubawa har gwiwar ta sake ka. Ba wanda ya taɓa Opal. Jira muka yi, don ka rantse a gaban mutane kuma mun san halinka." Ta ɗauki tamfol ɗin ta mayar kan sabuwar giyar. "Mama ta ce ka bar tseren gaba ɗaya. Ni na ce a'a, in aka raba ka da filin nan ba za ka kai baɗi ba. To zaɓi biyu ne. Ko ka zauna a kujerar direba ka yi tuƙi da ƙafa ɗaya, ko ka zo ka tsaya a bakin waya tare da ni."

Ina so jama'a su sani ban amince da sakamakon binciken ba, domin a garejin wanda ake tuhuma aka yi shi. Saboda haka washegari, bayan na ba talotalo abinci, na yi nawa binciken ni kaɗai. Na shiga motar, na ajiye ƙwai ɗaya a ƙarƙashin abin taka kuloci, na taka iya ƙarfina har gumi ya keto mini. Sau uku. Ƙwan yana nan lafiya, Darlene ta soya shi ba ta san tarihinsa ba. Nan take na gane an ja mini kujera baya. Na durƙusa, da ƙyar, na duba ƙarfen da take gudu a kai. Tsatsa ta riƙe ta a ramin da na sa ta shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Bincike yana ci gaba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ashirin da uku ga wata, ƙarfe goma na safe, a bayan rumbunmu. Ana buƙatar majiya ƙarfi huɗu, marigayiya tana da nauyi. Merle zai ɗauki gaba, tunda shi ya fi kowa shiri. Ba ma buƙatar furanni. Darlene za ta ciyar da jama'a, na kuma tabbata kek ɗin ya riga ya huce. Masu atomatik suna iya halarta, amma su ajiye motocinsu a bayan ɗakin talotalo, inda iska ke kaɗawa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Bayan an watse za a ɗora baƙuwar da ke ƙarƙashin tamfol, bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, Tamra ta rubuta a gilashi duk lambar da ta ga ita ce gaskiya, ba zan leƙa ba. Na biyu, ba za a cire abin taka kuloci ba, ko da ba a haɗe yake da komai ba. Merle ya ce zai sa masa sifirin mai laushi.

Duk wanda ya hango ƙafata ta hagu tana motsi tsakanin giya ta biyu da ta uku, ya kau da kai. Gaisuwa nake kai wa Opal, kuma wannan karon abin taka kulocin zai kai har ƙasa.