Rasuwar Ornella, ta Ƙarshe Cikin Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ermete Galbusera, wanda bai taɓa zama a aji ba amma ya san kowace kwana ta hanyar dutsen Stelvio kamar yunwar cikinsa, nake sanar da mutanen bakin tafki rasuwar babur ɗina, abokiyar tafiyata Ornella.

Marigayiya mai faɗin ƙirji ce. Kawunan injinta biyu sun leƙo dama da hagu, suna ɗumama mini gwiwoyi ko da ƙanƙara ke zuba. Ba ta san sarƙa ba, sandar ƙarfe ke juya ƙafarta ta baya. In na tashe ta sai ta girgiza zuwa dama, ta ce "tum, tum, tum", karnuka su kama gabansu. Ta kai ni har tsibirin Sisiliya da akwatuna biyu da marigayiya matata a baya, ko tari ba ta yi ba.

Ciwon ajali ya fara da shuɗin hayaƙi. Ranar Lahadi, muna gangarowa, ta ce "tak, tak", ta yi shiru. Bakanike Oreste ya kara kunne a jikinta, ya cire hularsa.

Mu huɗu muka sayi irinta a shekara ɗaya: ni da Duilio da Gualtiero da Primo. Babur ɗin Duilio ya mutu da bazara, kafin a tsinki inabi muka binne Duilio. Haka Gualtiero. Haka Primo. Ni dai na ce ragwaye ne. Ni da na faɗa kwazazzabo, na hauro da ƙafata, na je na ci taliya!

Da na je buga wannan sanarwa, Fulvio mai buga takardun mutuwa ya ce, "Baba Ermete, in bar wa sunanka fili a ƙasan takardar? Kada ka sha wahalar dawowa." Na ce, "Ɗan banza, ni zan liƙa taka a bango."

Ta rasu ta bar akwatuna biyu, da hular kwano, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an taso daga coci. Za mu tura ta zuwa rumfar bayan gidana. Kada a bi da ita ta hanyar makabarta, kada kuma Fada, limamin cocinmu, ya zo, ba shi na kira ba. Ba na son furanni. Mai zuwa ya taho da bargo, don tun ranar Lahadi sanyi ya kama mini gwiwoyi, yau da safe na ji ya kai ƙugu.