Uwar Bikin Ƙasar Suwis

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗauko ni tafinta ba, ko da ma na so mantawar, mutanen ƙauyenmu da ke gefen Shanono sun ɗauki nauyin tuna mini.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ni ake gani na sha Turanci na ƙoshi (a rashin uwa ake uwar ɗaki). Bikina kuma ya gabato. Inna, mahaifiyar Rakiya da zan aura, sharaɗi ɗaya ta kafa: a sa leshin Suwis na asali a lefe, don 'yar maƙwabciyarta da shi aka kawo mata. Na je kasuwar birni, da na ji kuɗinsa sai da na dafa bango. Sai na sayi wani mai kama da shi, na ɓamɓare takardar da ke manne a jikinsa, aka kai lefe tare da saƙona cewa daga Suwis ya sauko kai tsaye.

Ana nan sai Dagaci ya aiko kirana. Wai wata Baturiya ce za ta zo daga ƙasar Suwis ta ga ƙungiyar mata masu tatsar nono, ni zan fassara. Na saka babbar rigar da na tanada don ɗaurin aure, na saƙale biro a aljihu.

Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Dagaci, maza gefe, mata gefe da ƙorensu, Inna tana sahun gaba. Baƙuwar dattijuwa ce siririya mai furfura, da takalmi kamar ta nufi gona. Ta buɗe baki ta fara jawabi. Turancinta daga maƙogwaro yake fitowa, kamar mai kurkure baki. Duk jawabin farko abu biyu na tsinta: Suwis, da shugabar fati.

To, ko ɗan aji uku ya san fati tana nufin jam'iyya. Amma ni kaina cike yake da biki, barci biki, farke biki. Na gyara murya na ce, "Jama'a, wannan baiwar Allah ita ce uwar bikin ƙasar Suwis baki ɗaya. Ƙasar leshi!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Baturiya ta ji daɗi, ta ɗauka shugabancinta ake yabo.

Da kunnena ya saba da muryarta sai na fara ganewa. Ashe tarihin siyasarta take bayarwa. 'Yar manomi ce, da tatsar shanu ta tashi, ta zama kansila a ƙauyensu saboda rigimar farashin madara, daga nan ta tafi majalisar ƙasa, har ta shugabanci jam'iyyarta. Mutum mai hankali tsayawa zai yi ya ce a gafarce shi, ya yi kuskure. Ni kuwa na dubi Inna, na dubi rigata, na ci gaba da gini a kan toka. Kansila ta koma mai rabon goron gayyata. Majalisa ta koma babban zauren walima. Kamfe kuwa na ce ai yawon kai lefe ne gari gari.

Wuri ɗaya kawai na faɗi gaskiya, don ƙaryar ta ƙare mini. Ta ce da aka sake zaɓe ta sha kaye, sai ta taya wadda ta kayar da ita murna, ta miƙa mata ofis, ta hau jirgin ƙasa ta koma wurin shanunta. Na faɗa kamar yadda ta faɗa. Ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu, wanda tun ina rarrafe yake kan kujerarsa, ya yi salati ya ce, "Haba Malam! Ta sauka da ƙafarta, ba kotu ba komai? Gyara fassararka, yaro, wannan ba maganar mutane ba ce."

Wato duk shirgin ƙaryar da na zuba sun haɗiye, gaskiya ɗaya tak ta tsaya musu a wuya.

Ina cikin murnar an kusa tashi, sai na ga Inna ta jawo wata leda daga bayanta. Wallahi kafin ta kwance na gane launin. Leshina ne. Ashe tun da na ambaci ƙasar leshi ta zame ta je gida ta ɗauko. Ba ta dube ni ba, saboda kunyar suruki, Dagaci ta fuskanta.

"Ranka ya daɗe, tun da Allah ya kawo mana mai abin da kanta, a tambayar mana ita. Wannan na wajensu ne?"

Da bakina na ce matar nan ta fi kowa sanin leshi a duniya, da bakina kuma zan tambaye ta. Baturiya ta karɓa, ta shafa, ta yi dariya ta ce ita ba ta san komai game da yadi ba, shanu ta sani da ƙuri'a.

Na ce, "Ta ce ko a wajensu sai manyan mata ke ɗaura irinsa."

Guɗa ta sake tashi, har Inna ta yi murmushi. Na ce a raina, Allah na gode, na tsallake rijiya da baya. Ban lura ba ashe Baturiyar ta ciro tabarau, tana bin gefen yadin da ido. Akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da ban taɓa gani ba. Ta ɗora yatsa a kai, ta ɗaga wa Inna, cikin fara'a irin ta wanda ya yi taimako, ta ce:

"Chaina."

Innalillahi! Duk duniya babu kalmar da ta fi wannan rashin buƙatar tafinta. Tsohuwar da ke can ƙarshen taro da kurman kunne ma ta ji. Mai guɗar ta tsaya da hannu a hanci. Na buɗe baki in ce Chaina sunan wata unguwa ce a Suwis, Dagaci ya ɗaga mini hannu.

"Bari, Malam. Wannan mun ji da kanmu."

Inna ta ninke leshin a hankali, ta tura shi gabana da ƙafa, ta tashi ta tafi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baturiya kuwa sai tambayata take ko lafiya, ta faɗi wani abu ne?

Auren dai an ɗaga shi har bayan kaka. Sai da kawunnaina suka yi ta zarya, ni kuma na sayar da babur ɗina na sayo na gaskiyan, Inna ta kai wa teloli uku suka duba gefensa. Rakiya tana ɗakina yanzu, amma duk abin da na shigo da shi, ko kankana ce, sai ta juya shi ta ce tana neman rubutu. Ɗalibaina kuma Malam Suwis suke kirana a bayan ido.

Abin da na koya shi ne, in har ka rantse sai ka yi ƙarya da bakin wani, to ka fara tabbatarwa ya manta tabaraunsa a gida.