Yadda Ake Burge Suruki da Kamfas a Guangzhou

Kai da kake neman 'yar mutane, mahaifinta kuma ya sauko Guangzhou saro kaya, matso kusa. Idan ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin rana ta faɗi surukinka zai riƙe sunanka har abada. An gwada su a kan Munkaila, Bakano mai tura wa 'yan kasuwa kaya daga unguwar Xiaobei, wanda ya mutu a kan Saffana, 'yar Alhaji Tankari na Maraɗi. Alhaji ya ce ba shi da amsa sai ya ga yaron da idonsa.

1. Kama ɗakin da ba ka sani ba

Munkaila ya kama sabon ɗaki saboda baƙonsa, ya jibge kwalayen lasifika na wani kwastoma har suka toshe taga. Yi haka kai ma. Suruki yana son ya ga kaya, iska kuwa akwai ta a Maraɗi.

2. Kada ka amsa tambaya a taƙaice

Da azahar Alhaji zai idar da alwala ya ce, "Yaro, ina munka dosa?" Wani zai ce, "Baba, a nan yamma ake kallo, a ɗan karkata dama." Gaskiya ce, amma ba ta kawo mata. Munkaila kamfas ya zaro, na tagulla, wanda ya saya jiya a unguwar Liwan.

3. Nemi lemo

Ɓare shi a gabansa.

"Baba, duniya ke nan," in ji Munkaila. "Layukan nan da suka raba ɓangarorin, irinsu ake ja a taswira daga sama zuwa ƙasa. Inda suka haɗu a sama, ita ce arewa ta gaskiya, wadda duniya ke juyawa a kanta. Allurar kamfas kuwa wata arewa take bi, ta maganaɗisu, can gefe. Tazarar da ke tsakaninsu a garin nan kaɗan ce, amma sai an gyara."

Duk abin da ya faɗa daidai ne, kuma daɗi ya kama shi har kunnensa. Alhaji ya karɓi duniyar ya cinye, ya ce tana da zaƙi.

4. Ɗora kamfas a wuri mai martaba

Ba a ajiye ilimi a ƙasa. Munkaila ya ɗora nasa a kan kwalin lasifika. Ka manta cewa a cikin kowace lasifika akwai maganaɗisu kamar faifan tuwo. Allura ta yi rawa, ta tsaya. Ya yi lissafi da yatsu, ya gyara 'yar tazarar nan, ya shimfiɗa darduma tana kallon ƙofa. Suka yi salla.

5. Idan alƙibla ta tashi, ɗora wa duniya laifi

Bayan azahar masu dako suka zo, suka ce, "Lawban, mota ba wuri," wato maigida, sauran kaya sai gobe. Suka kwashe rabin kayan, suka mayar da sauran jikin wani bango. Da la'asar Munkaila ya sake ɗora kamfas a kansu, sai allura ta aika shi wajen firij.

A nan ake gane gwani.

"Baba, ai ita arewar maganaɗisu tafiya take yi. Masana sun tabbatar, kowace shekara tana gusawa."

"Kowace shekara," in ji Alhaji. "To wagga tsakanin azahar da la'asar ta yi tata tahiyar?"

Kada ka amsa. Tayar da iƙama.

6. Tsare labule

Wannan matakin Munkaila ya tsallake. Tunda kwalaye sun bar taga, Alhaji ya ja labule dab da magariba don ya sha iska. Ga rana nan jajir tana faɗawa bayan dogayen benaye. Ba ta wajen ƙofa, ba ta wajen firij.

Alhaji ya ɗauki kamfas ya matsa jikin kwalaye, allura ta bi su. Ya ja baya, ta dawo. Ya sake matsawa, ta sake bi.

"Arewa biyu ka ce mini. Wagga ta uku, ta wa ce?"

Kunya ta rufe Munkaila, ya ga Saffana tana yi masa nisa. Yana da sauran bayani a baki, sai ya haɗiye.

"Tawa ce, Baba. Ni na jawo ta. Sai mu sake sallolin nan."

Suka juya darduma wajen taga, suka ɗan karkata dama, suka sake.

7. Saurari hukunci a tsugune

Alhaji ya kira matarsa Habsatou a waya, a gaban yaron.

"Na gane shi. Ilimi shina da shi, har ya yi mishi yawa. Ya kai ni ƙohwa, ya kai ni firij. Amma da ya ɓata, bai yi gardama da rana ba." Ya saurara, ya yi dariya. "I, a ba shi. Sai dai ki gaya ma Saffana, in sun tare, ita za ta riƙa shimfiɗa darduma."

Abin lura

Mai wannan darasi ba ruwansa da sallar da aka sake, ko surukin da ya fasa, ko lemon da aka cinye. Wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, ya tuhumi kwalayensa. Wanda kuma ya samu, ya sani ba kamfas ya ba shi ba. Na Munkaila yana Maraɗi yanzu, Alhaji yana nuna wa baƙi shi a matsayin abin da ke gano lasifika.