Cindo da Fulawar Tasalla

A wani ƙauye kusa da Bukuru an yi wani bawan Allah, Cindo. Ba mugu ba ne, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Matsalarsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari, ba ragi. Matarsa Tasalla tana da wata fulawa a gindin katanga, masu lambu suna ce mata fuloks. Furenta ja-ja ne, cunkus a kan kara, ga ƙanshi. Da rani takan bushe kamar ta mutu, ruwa na sauka sai ta sake tohowa daga saiwa. Uwar Tasalla ce ta dasa mata ita da hannunta kafin ta rasu, kuma duk ƙauyen babu irinta. Da ciwon gwiwa ya kama Tasalla, dole kula da ita ta koma hannun Cindo.

Wata rana ta ce, "Malam, ka riƙa ba ta ruwa safe da yamma, kada ka fasa." Bai fasa ba. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta leƙo ta same shi jiƙe sharkaf yana juye mata bokiti.

"Malam, ba ka ga sama ba?"

"Na gani. Wannan nata ne, wannan nawa."

Saura kaɗan saiwar ta ruɓe.

Wata rana ta ce ya yi wa wurin shema, duk abin da ba shi da fure ciyawa ce. To, fulawar ba ta buɗe ba tukuna. Cindo ya bi 'yan tohonta yana tumɓukewa, ya bar wata ciyawa mai ɗan fure rawaya tsaye ita kaɗai, har ya tara mata ƙasa. Tasalla ta ja gwiwa ta mayar da su ɗaya-ɗaya, tana yi tana salati.

Wata rana kuma ta ce, "Kada ka bar akuyar maƙwabta ta taɓa mini ita." Da ta fito, ga akuya tana ci hankali kwance, ga Cindo zaune da sanda a cinya.

"Malam! Akuya!"

"Kwantar da hankalinki. Na duba kunnenta, tamu ce."

Duk da haka fulawar ta rayu, ta yi gindi, ta cika wurin. Sai 'yarsu ta haihu a Zariya, Tasalla ta shirya tafiya wankan jego. Tana ɗaure kaya tana tunanin tumatir da kuɓewarta, ta ce, "Duk abin da ya yi yawa a gidan nan ka raba wa maƙwabta, kada ya lalace."

Cindo ya zagaya gida. Tumatir bai yi masa kama da mai yawa ba. Fulawa kuwa ta yi. Ya ɗauko fartanya ya haƙe ta, ya yayyaga saiwar, ya bi gida-gida: "Tasalla ta ce a ba ku." Ya bar ɗan tsagi guda a wurin. Ba a jima ba ruwan Agusta ya kwantar da katangar a kan tsagin.

Da Tasalla ta dawo ta ga tulin laka, ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, ta ce, "Shi ke nan, Inna ta tafi duka."

Tana nan zaune sai ga Delu maƙwabciya ta zo sannu da zuwa. "Ke Tasalla, ashe haka kike da kyauta? Tawa har ta yi fure, ta gidan liman ma ta fi tawa." Da maƙwabta suka ji abin da ya faru, kafin la'asar an dawo mata da saiwa daga gidaje har ta rasa inda za ta dasa.

Ta share ido, ta dubi mijinta. "Malam, daga yau..."

Cindo ya miƙe tsaye, ya gyara hula. "Ina jin ki."

Ta dube shi, ta dubi saiwoyin. "Ba komai. Ni zan dasa."