Mutuwar Malam Sallau ta Arba'in da Ɗaya

Ku yaran yanzu, Allah ya shirye ku, don in ba shi ba babu mai iyawa. Yaro ya taso kai a sunkuye kamar jakin da aka labta wa kaya, ba don kunya ba, don waya. Zai wuce sa'an kakansa a bakin hanya, "ina kwana" ta gagare shi, amma ya iya ba duniya labarin mutumin da bai taɓa ganin ƙeyarsa ba. To ku kasa kunne ku ji abin da rashin gaisuwa ya jawo wa Nazifi ɗan gidan Alhaji Maiwada. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai wani dattijo, Malam Sallau, mai gyaran rediyo a gindin darbejiyar bakin layi. Waɗanda suka ga jiya sun fi saninsa da Sallau Shure-Shure. Zamanin da ake fim a kaset, lokacin da gida ɗaya ne ke da bidiyo a layi guda, yara su cika tsakar gida har kan katanga, babu ɗan wasan da ya kai shi iya mutuwa. Aikinsa ke nan. Da an ga fuskarsa a farkon fim, mata za su fara jawo bakin mayafi, don sun san ba zai kai rabi ba. An zuba masa guba a fura, an tura shi rijiya, maciji ya sare shi, mota ta take shi, baƙin cikin ɗa kuwa sau huɗu yana kashe shi. Kuma ba ya irin mutuwar 'yan yanzu, da mutum zai zube tim kamar buhun gero. Sai ya nemi ruwa, ya bar wasiyya, ya yafe wa kowa, sannan ya shure ƙafar hagu sau biyu ya yi shiru. Sau arba'in cif ya mutu, shi da kansa yake riƙe da adadin.

Da kaset ya wuce, aka manta da shi. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ce masa zo ka mutu, balle zo ka rayu. Ran nan kwatsam sai ga wani matashin darakta, Hafizu, ya zo ya durƙusa gaban teburin rediyo, ya ce yana so Baba ya fito masa a matsayin kakan gida, tun daga farkon fim har ƙarshe.

Malam Sallau ya ajiye sukundireba. "Har ƙarshe fa ka ce?"

"Har ƙarshe, Baba. Kai ne ma za ka rufe fim ɗin, kana zaune a kan buzu kana sa wa jikoki albarka."

"Ba guba?"

"Babu."

"Ba rijiya? Ka duba takardarka da kyau, ɗan nan, wani lokaci a ƙasa suke rubuta ta."

"Wallahi ko tuntuɓe babu, Baba."

Ranar ko abincin rana bai iya ci ba don murna. Ya ce wa matarsa, "Tabawa, Allah ya yi. Yau shekara nawa jikokina suna tambayata me ya sa ban taɓa ganin ƙarshen fim ba? To ga shi za su gan ni a zaune ana tashi." Aka sa ranar fara aiki Alhamis. Ran Litinin ya hau mota zuwa ƙauyensu a hayin gulbi, don wanzami ya yi masa ƙaho a gwiwa, ya kuma aro tsohuwar rigar saƙi ta yayansa, saboda ya ce kaka ba ya fitowa a shadda mai sheƙi. Damina ce. Yana hayewa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya kawo, masu kwalekwale suka ɗaure abinsu. Ƙauyen kuwa waya ba ta shiga.

To shi Nazifi yana da wani shafi a waya inda yake sa hotunan tsofaffin 'yan wasa, wai yana tuna wa mutane da su. Sai ya ci karo da wani tsohon fim, ya yanko hoton Malam Sallau kwance a tabarma, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, auduga a hanci. A ganinsa duk wanda ya yi fim a kaset ai ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Ya rubuta a ƙasan hoton: "Allah ya jiƙan maza. Sallau Shure-Shure ya riga mu gidan gaskiya." Alhali kullum ta gaban teburin mutumin nan yake wucewa. Har babur ɗinsa yakan jingine a inuwar darbejiyar. Da ya taɓa ɗaga kai ya ce "sannu Baba," da ya ga fuskar.

Kafin azahar ɗin Talata labari ya game gari. Mata suka shigo da salati suka nuna wa Goggo Tabawa hoton. Ita kuwa ba ta taɓa kallon fim ɗinsa ko ɗaya ba, ta ce ba ta ga dalilin da za ta zauna tana kallon mijinta yana mutuwa ba. Don haka da ta ga fuskarsa da auduga a hanci, sai ta zauna daɓas. Aka aika mutum ƙauye, ruwa ya dawo da shi. Kowa ya ce to, can ta same shi, can aka yi masa sutura. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta suka yi abin da aka saba, kowane gida ya aiko da abinci gidan makoki: mai shinkafa da miya, mai dambu, mai tuwo, mai kunu. Kwanuka da samiru da kuloli suka cika zaure.

Ran Alhamis da hantsi, ranar sadakar uku, ruwa ya janye, Malam Sallau ya sauka a mota, riga a ƙunshe a hammata, ya yane kansa da rawani har hanci saboda mura. Ya hango ƙofar gidansa cike da mutane. Ya zaci Tabawa ce ta rasu. Ya lallaɓa ya tsuguna a bakin tabarma, ya tambayi wani baƙo, "Bawan Allah, wa aka rasa?"

"Sallau Shure-Shure. Ai an yi rashi."

Malam Sallau ya dubi baƙon. Ya taɓa ƙirjinsa, ya ji yana bugawa. Ya ce a ransa, to bari dai in ji yadda ta kasance. Aka miƙo masa gumba ya karɓa.

Abin da kunnensa ya jiye masa ranar bai taɓa jin irinsa ba. Mutanen da shekara goma sha huɗu ba su leƙo shi ba, kowa yana cewa kullum suna tare. Wani ya ce da ya ga mutuwarsa ta rijiya kwana uku bai sha ruwa ba. Can sai ga Mamuda Gatari, tsohon abokin aikinsa a fim, wanda shi ne mugu a kusan duk finafinan, ya shigo da sabuwar babbar riga da sandar dogarawa yana sharar hawaye.

"Jama'a, sau ashirin da biyu ina kashe mutumin nan da hannuna, ban taɓa kuka ba sai yau. Kuma ku ga ikon Allah, matsayin da aka ba shi na kaka, ni darakta ya ba. Ya ce tunda abin ya zama haka a fara da wuri. Tun jiya muke ɗauka, har mun yi rabi. Ina zaune a kan buzun nan ina tuna shi."

Nan fa Malam Sallau ya ajiye gumbar. Ya miƙe, ya warware rawani. "Mamuda! Buzun nawa ka hau?"

Ba a ga wanda ya tsaya neman takalminsa ba. Liman kaɗai ya rage, shi ma don ƙafarsa ta yi sanyi ne. Mamuda ya jefar da sandar ya haura katanga kamar ɗan shekara ashirin. Goggo Tabawa ta leƙo daga zaure, ta dube shi sama da ƙasa, ta yi hamdala, ta share ido, sannan ta ce, "To Malam, da kake raye, wa zai ba mutane haƙuri kan abincinsu?"

Da hankali ya dawo aka kira darakta. Hafizu ya zo yana sosa ƙeya, ya ce wallahi an riga an yi nisa da Baba Mamuda, ba yadda za a sake. "Amma akwai wani gurbi, Baba. Yayan kakan. Sai dai shi a farkon fim yake..."

"Rijiya ko guba?"

"Hawan jini ne, Baba."

"An ci gaba," in ji Malam Sallau.

Aka bi diddigin hoton har aka kamo Nazifi, aka kai shi gaban Mai Unguwa. Ya zo yana taunar cingam, ya ce shi fa alheri ya yi niyya, tunawa da jarumai yake yi, ba don shi ba wa zai tuna da tsohon?

Mai Unguwa ya nuna Malam Sallau. "Ka san wannan?"

Nazifi ya dube shi. "Kamar mai gyaran rediyon nan ne."

"Ka taɓa gaishe shi?"

Nazifi ya ci gaba da taunar cingam ɗinsa.

Goggo Tabawa ta yi magana daga bayan ƙyaure. "Ranka ya daɗe, ni abu ɗaya ya dame ni. Kwano sittin da uku ne a zaurena. Abincin makoki aka kawo, an cinye, ba a yi mutuwa ba. Da an yi, sai in wanke in mayar, kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Yanzu da wane ido zan mayar wa mutane kwano wayam, ga mamacin yana yawo a layi?"

Mai Unguwa ya gyaɗa kai, ya yanke hukunci. Kowane kwano Nazifi zai cika shi da irin abin da ya zo a ciki, mai shinkafa shinkafa, mai dambu dambu, wanda ya zo da nama ya koma da nama. Shi zai ɗauka a kansa, gida gida, ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, ya gaida mutanen gidan da sunansu, sannan ya ce, "Malam Sallau yana gaishe ku, yana nan da ransa."

Nazifi ya juya wajen ubansa. Alhaji Maiwada ya ce ko ƙwayar shinkafa ba za ta fita daga gidansa ba. "Wayar da ta kashe shi, ita za ta tashe shi. Kai ta kasuwa."

Cingam ya faɗo daga bakin Nazifi. Ya rarrafa ya kama ƙafar Malam Sallau, ta hagun nan mai shure-shure. "Baba, don girman Allah ka sa baki! Wayar nan ita ce rayuwata. Wallahi in aka raba ni da ita mutuwa zan yi!"

Malam Sallau ya janye ƙafarsa, ya gyara zaman rigar saƙin da ke hammatarsa.

"Mutu abinka, ɗan nan, ni sau arba'in da ɗaya na yi ban ga wuyarta ba. Amma ka fara mayar wa mutane kwanukansu, in ba haka ba da me za a kai abinci gidanku?"